Akuyar Jinin Sabo

Sabo maƙwabcina ne a Unguwar Ƙirya, wani ɗan ƙauye a bayan Maska. Tare muka tashi. Gidansu Maguzawa ne, gidanmu Musulmi, gonarsu da tamu kuma iyaka ɗaya. Noma yake yi kamar kowa, dawa da masara da ɗan waken suya. Ba shi da sarauta, ba shi da wata sana'ar rani sai yasar rijiya. Abu ɗaya aka san shi da shi daga nan har Dandume, shi ne kunyar suruka.

Kowa a ƙasarmu yana jin kunyar surukai. Ba ka cin abinci a gabansu, ba ka kiran sunansu, in kun haɗu a hanya ka kauce ka durƙusa. Amma yawanci in aure ya daɗe, yara suka zo, abin yakan yi sauƙi, har ka ga mutum yana shan fura a zaure surukarsa tana wucewa, ya dai juya baya. Na Sabo bai yi sauƙi ba. Kullum ƙaruwa yake yi.

Tun ranar da ya auri Tani, 'yar Baturiya, bai ƙara duban fuskar Baturiya ba, kuma magana ba ta taɓa haɗa su baki da baki ba. Ko sunanta ba ya zagayawa kusa da shi. Da yake ƙauyensu yana gabas da namu, sai ya riƙa ce mata mutanen gabas. Ita kuma da ta ji, ta sa masa na yamma.

Wata rana a kasuwar Bakori yana shan rake, ya gatsa ke nan, sai ga ta ta tsaya a rumfar kusa tana cinikin tukunya. Bai tauna ba, bai tofar ba. Baturiya kuwa ba ta sayen tukunya sai ta ƙwanƙwasa kowace ɗaya ta ji ƙararta. Kafin ta zaɓa ta tafi muƙamuƙinsa ya sage, sai da na kai shi wurin wanzami ya murza masa. Wata rana kuma ya shiga bas daga Funtuwa, an cika an tashi, ya ji muryarta a kujerar baya tana yi wa kwandasta faɗa. Ya sa aka tsaya a inda babu gari babu inuwa, ya sauka, ya bar buhun takinsa a saman mota, ya taka har gida. Takin ya riga shi isowa, domin ita ce ta sa aka sauke buhun.

Wanda aka fi ba da labarinsa shi ne na rijiya. Yana can ƙasa yana yasa, ni ina jan laka da guga, sai Baturiya ta zo ta zauna a inuwar bakin rijiyar da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara. Na leƙa na ce masa mutanen gabas sun zo. Ya zauna cikin lakar bai ƙara motsi ba, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Daga baya ta gaya min ta san yana ciki. So take ta ji ko zai yi tari.

Tani ta rasu wata damina bayan 'yar gajeruwar jinya. A lokacin Baturiya ba ta da kowa kusa, ɗanta namiji ya rasu, sauran dangi sun watse kudu. Sabo ya ce uwar Tani ba za ta zauna ita kaɗai ba. Ya ja katanga a tsakiyar gidansa, wadda ta fi shi tsawo, ya fasa ƙofa ta biyu, ya ba ta ɓangaren gabas, ya aika aka ɗauko ta ran da shi ya wuni a gona. Saƙon da dā Tani ke kaiwa sai ya dawo kaina. Sabo zai tsaya a gindin katanga ya ce, Ummaru, tambayi mutanen gabas ko hatsinsu ya ƙare. In fita ta ƙofarsa, in zaga bayan gida, in shiga ta tata. Ta riga ta ji, amma takan jira in faɗa. Sannan ta ce in gaya wa na yamma da saura, sai dai dawar bana ba ta kai ta bara tauri ba. In sake zagayawa. Ban taɓa jin nauyin abin ba. Ni dai mutum ne mai son tafiya a hankali.

Autar Sabo ita ce Lami. Ita ta yi karatu a gidan, daga Funtuwa ta wuce Zariya, har ta kai ga aiki a wani ɗakin bincike inda take neman babban digiri. Tsakaninta da Baturiya wasan jika da kaka ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. To, Baturiya tana da gyambo a ƙwauri. Kututturen dawa ne ya soke ta, wurin ya ƙi rufewa. An yi na gida, an yi na asibiti, ana wankewa ana ɗaurewa, yana nan.

Lami ta ce aikinta a kan irin wannan ciwon yake. Yadda ta yi mana bayani, jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma iri-iri ne, na fata daban, na jini daban. In mutum ya ji rauni, wasu fararen ƙwayoyi na cikin jini sukan zo wurin, su aika wa na fata saƙo cewa su taso su rufe. A jikin wasu tsofaffi abin ba ya tafiya. Ita so take ta gane, saƙon ne ba ya zuwa, ko kuwa yana zuwa ba a ji.

Da yardar Baturiya likita ya yanki 'yar fata a gefen gyambon, ba ta fi ƙwayar dawa ba, Lami ta tafi da ita. Ta kuma roƙi ubanta jini, domin shi in fartanya ta sare shi yau, jibi ya manta. Ta ce aiki za ta yi da shi. Ya miƙa hannu bai tambayi wane aiki ba. Auta ce.

Bayan an gama yankan dawa ta zo gida da murnarta. Muna zaune a tabarma a gindin katanga ta ɓangaren Sabo, ta fito da wayarta ta nuna mana hoto mai motsi. Ta ce wannan wani ɗan gida ne na roba mai haske, an manna shi a kan gilashi, bai kai akwatin ashana ba. Ɗaki biyu ne a ciki. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya.

"Baba, waɗannan naka ne. Ka gan su suna motsi?"

Sabo ya karɓi wayar ya matso da ita. Ya ce lallai suna da kuzari. Ya tambayi na ɗaya ɗakin.

"Na tsohuwa ne."

"Wace tsohuwa?"

"Tsohuwa nawa gare mu, Baba?"

Ya kifa wayar a kan tabarma, a hankali, ya janye hannunsa. Sannan ya tambaya ko akwai katanga tsakanin ɗakunan. Lami ta ce akwai, amma an yi mata 'yan hanyoyi da ba su kai kaurin gashi ba. Ƙwaya ba ta iya wucewa, ruwa ne kawai ke wucewa, kuma a cikin ruwan saƙon yake tafiya. Ya tambayi abin da suke ci. Ta ce wani ruwan abinci ne ja-ja, ɗan famfo yana tura shi kaɗan-kaɗan yana ratsa ɗakunan biyu.

"Kwano ɗaya ke nan," in ji Sabo.

"Kusan haka."

"Wa ya fara magana?"

"Naka mana."

Ita ba ta lura da fuskarsa ba, murna ta ɗauke ta. Ta ce kafin a sa nasa, na tsohuwa suna zaune ne da wani fili a tsakiyarsu, wanda ita ta kankare da gangan ya zama kamar rauni, ba wanda ya kula da shi. Da nasa suka zo ɗakin kusa, sai na tsohuwa suka fara rarrafe suna rufe filin. Daga bayan katanga muka ji dariya. Baturiya ta ɗaga murya ta ce, Ummaru, tambayar min yarinyar nan me jinin ya ce da ni.

A nan Lami ta faɗi abin da ya kawo ta. Jini take so kuma. Ta ce a aikinsu abin da ya faru sau ɗaya ba a yarda da shi, sai an maimaita, kuma da jinin mutum ɗaya. Fararen ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa a waje, na farko har sun mutu. Na tsohuwa suna nan da rai, tana kiwonsu, amma tsufa suke yi, duk rabuwar da suka yi ƙarfinsu raguwa yake. Likita kuma ya ce ba zai sake yankar ƙafar ba, domin inda ya yanka ma da ƙyar ya kame. In suka mutu ba a maimaita ba, aikin da ta yi shekaru tana yi ya zube, sai ta koma farko.

Sabo ya ce jinin da ya je ya yi abin kunya ya mutu, kuma ya kyauta da ya mutu. Ba zai aika wani ba. Ya tashi ya shige ɗaki.

Ban san wanda ya fitar da maganar ba, ina dai zargin mutanen gabas. Kafin kasuwa ta zagayo, abokan wasansa sun samu. In ya wuce sai su ce, Sabo, ashe kana Zariya kana cin tuwo da suruka, ka bar mu nan muna yabonka. Wani ya ce a tambaye shi wa ke riga wani kai hannu ga nama. Ya daina zuwa kasuwa. Ya daina zama inda suke shan burkutu. Tuwon da ake kai masa rabi yake ci, ya ce ai wani ɓangarensa ya riga ya ci a inda bai kamata ba.

Lami ta koma, tana bugo min waya tana kuka. Ta ce ƙwayoyin sun fara faɗi suna yin lakwas, alamar gajiya ke nan. Na ce ta yi haƙuri. Ban matsa masa ba, domin Sabo in ka tura shi gaba baya yake yi. Na dai riƙa zama kusa da shi muna ɓarar masara. Ran nan na ce masa, mutum bai kamata ya yanke wa gida hukunci bai ga gidan ba. Washegari na gan shi a ƙofata da rigarsa ta zuwa biki.

Ɗakin binciken yana da sanyi da tsabta. Aka ba mu farar riga, aka sa mana wata leda a ƙafa. Shugaban wurin, Dakta Mahadi, mutumin Malumfashi ne, mai furfura kaɗan da magana a natse. Ya gaishe mu da kyau. Ya ce a ɗakin nan ba a ci ba a sha, doka ce. Sabo ya dube ni ya ce aƙalla gidan yana da tarbiyya.

Lami ta nuna wani akwati kamar firji, ta ce amma shi ɗumi yake yi, ɗumin jikin mutum. Ta ce suna ciki. Sabo ya cire hula, ya juya wa akwatin baya, ya durƙusa a kan siminti. Aka kawo kujera ya ƙi. Da Dakta ya ga haka, shi ma ya tattara rigarsa ya tsuguna a gabansa, suka yi maganar a nan ƙasa, ɗalibai suna raɓawa ta gefensu da kwalabe.

Dakta bai yi masa dariya ba. Ya ce shi ma har yau ba ya iya shan ruwa a gidan surukansa. Amma a ganinsa jinin da ya bar jiki ya bar mai shi. Ya kawo misalin ƙaho, wanzami ya zuƙe jini ya zubar a rami, ba wanda ke cewa an binne shi. Sabo ya ce na rami ba ya cin abinci. Dakta ya ce haka ne. Ya kawo misalin aski da yankan farce. Sabo ya ce gashi bai taɓa aika wa kowa saƙo ba. Ya ƙara da cewa su a gidansu in an yanka akuya a gindin tsamiya, jinin da ya zuba na akuyar ne, ba a taɓa cewa na wani ba ne don ya fito. Dakta ya shafa gemu ya ce wannan kam ba shi da amsarta.

Sai Sabo ya kawo tasa shawarar. Ya tambaya ko ana yin gidan mai ɗaki uku. Lami ta ce ana yi, suna ma da shi. Ya ce to a sa na Ummaru a tsakiya. Nasa su gaya wa nawa, nawa su gaya wa na mutanen gabas. Ni har na fara naɗe hannun riga. Na ga Lami ta buɗe baki za ta ce to, ta kalli Dakta, ta rufe. Ita da kanta ta ce, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Saƙon ba hannu da hannu ake miƙa shi ba. Kamar ƙanshin miya yake, in ya tashi kowa na gidan ya ji, ko wa ka zaunar a tsakiya. Sabo ya ce wato nasa za su riƙa ɗaga murya ta saman kan Ummaru. Ta ce kusan haka. Ya ce wannan ya fi na farko muni. Na warware hannun rigata.

Kafin mu fito Lami ta ciro ɗan gidan ta ɗora a ƙarƙashin madubin likita, ta ce ko zai duba. Ya ƙara juya baya. Ni na duba. Na ga wasu abubuwa dogaye-dogaye kamar ƙaiƙayi a bisa ruwa, sun kwanta sun yi shiru, ga fili a tsakiyarsu. Sabo ya ce min, tunda na gan su, in ce yana gaisuwa, kuma a yi haƙuri da abin da ya faru, ba da saninsa ba ne. Na sunkuya kusa da gilashin na faɗa. Lami ta ce in ɗan ja baya, numfashina zai sa musu cuta.

Da muka iso gida na zaga na ba Baturiya labari tun daga farar riga har gaisuwa. Ta yi dariya har ta riƙe ƙafarta mai ciwo. Da na zo kan yadda Lami ta rako mu bakin titi idonta ja, sai dariyar ta tsaya. Ta ce yarinyar nan tun tana goye take da naci, ba za a zubar mata da aiki saboda taurin kan na yamma ba.

Ta yi tunani, sannan ta ce ita da aka kai ta gidan miji ba ta ci ba ta magana, sai da uwar mijin ta ja akuya ta ba ta, ta sayi bakinta, daga ranar ta ci a gabanta. Baki ai sayensa ake yi. In je in gaya masa za ta sayi nasa.

Na zaga na faɗa. Sabo ya ce amarya ake saya wa baki, shi kuma ba amarya ba ne, nasa ba na sayarwa ba ne, da shi za a binne shi. Na zaga na faɗa.

"Wa ya ce nasa?" in ji Baturiya. "Ya riƙe abinsa, me zan yi da bakin da ba haƙora? Na jinin zan saya."

Na zaga. Ya ce jinin da bai fito ba ai shi ne. Ta ce wanda zai fito take ciniki, yadda ake cinikin ɗan maraƙi tun yana ciki. Ya ce in an sayi bakin jinin, kunyar wa ta faɗi? Ta ce ta jinin, tasa tana nan inda ya ajiye ta. Ranar na zaga gidan nan har karen Sabo ya gaji da bina ya kwanta.

Ya kwana biyu yana juya maganar. Lami kuma tana bugowa tana cewa kashi ɗaya na ƙwayoyin ya riga ya lalace, saura ɗaya. Ran nan da safe yana gyaran rumbu ya kira ni, bai dube ni ba, ya ce in tambaya wace akuya.

Baturiya ta ce ja. Sabo ya ce ja tana tari, yana jin ta ta bayan katanga. Shi ba don kansa yake magana ba, amma jinin ba shi da wani babba sai shi, ba zai zauna a cuce shi ba. Baƙar nan mai farin goshi, mai ciki, ita ce ta dace. Baturiya ta ce ashe na yamma yana da baki, a kan akuya ne kawai yake buɗuwa. Ta yi ta mita, ta ce jinin da ko sallama bai iya ba. Amma ta kwance baƙar ta ba ni igiya.

Lami ta zo da 'yar kula mai ƙanƙara, muka tafi ɗakin shan magani na Maska. Sabo ya ce sai an tafi da akuyar, domin mai ita, wato jinin, ya fito ya tarar da abinsa. Malamar asibitin ta ce ba a shiga da dabba. Aka ɗaure ta a jikin taga ta waje, ta sa kai tana leƙe. Aka ɗaure masa dantse, aka soka allura. Da kwalbar ta cika ya ce a ba shi. Ya riƙe ta a gaban fuskarsa, ya juya ta wajen taga, ya yi mata magana yadda uba ke yi wa ɗa mai tafiya.

"To, kai yanzu ba ni ba ne. An sayi bakinka, ga akuyarka can. In ka je ka fara da gaisuwa. Kada ka riga su sa hannu a kwano. Abin da aka aike ka shi za ka faɗa, ban da surutu."

Malamar ta juya tana gyara auduga, kafaɗunta suna rawa. Lami ta karɓi kwalbar da hannu biyu, ta ce zai ji, Baba. Ta hau babur ta tafi.

Abin da ya biyo baya a waya muka ji shi. Karon farko, in ji Lami, ran da aka haɗa su ran nan na tsohuwa suka fara motsi. Wannan karon aka wuni ba abin da ya motsa. Aka kwana, shiru. Ta cire rai, ta zauna a bakin ƙofa. Sai can da rana ta sake dubawa, ta ga gefen filin ya fara matsowa. Suka yi ta rarrafe har suka rufe shi. Dakta ya ce jinkirin wataƙila tsufan ƙwayoyin ne, ko kuma ɗauke wutar da aka yi ta sa akwatin ya ɗan huce. Da na gaya wa Sabo, ya gyaɗa kai ya ce wannan ya ji magana. Ranar ya cinye tuwonsa.

An sake ɗiba karo na uku. Baturiya ta ce ba ta da akuyar da za ta riƙa rabawa kowane jini, wannan ƙane ne, kaza ta ishe shi. Sabo ya yarda, bisa sharaɗin mai ƙwai ce. Shi ma na ukun ya yi aikinsa, kuma da ƙyar aka sha, domin bayansa na Baturiya ba su ƙara rabuwa ba.

Lami ta gama, ta samu digirinta. Ta ce kada mu ɗauka magani ta samo, da sauran tafiya mai nisa. Abin da ta gani shi ne, a ɗan gidan nan dai, ƙwayoyin tsohuwa ba kurame ba ne, in saƙo ya zo suna ji. Baturiya ta ce wannan ai da an tambaye ta da ta faɗa ba sai an yanke ta ba. Gyambon yana nan, ya ɗan tsuke, ana kai ta wanki a Maska.

Da Lami ta zo hutu, Sabo ya tambaye ta lafiyar mai akuya. Ta ce ai sun mutu tuni, shi da ƙanensa, an zubar. Ya ce sun yi abin da aka aike su. Ta ce to yanzu akuya ta zama tasa, shi ne magaji, ya sayar ya gyara rufin ɗakinsa da ke zuba. Ya ce a'a. Akuyar kuɗin baki ce. Wanda ya gaji akuya ya gaji bakin da aka saya da ita, ran da ya ce tasa ce, ran nan sai ya shiga gabas ya zauna ya ci tuwo. Shi riƙo kawai yake yi.

Baƙar ta haifi tagwaye, tagwayen suka haihu, kazar ma ba ta zauna banza ba. Yanzu ɓangaren Sabo ya cika da dabbobin da ba nasa ba. Ba ya sayarwa, ba ya yankawa, ko ƙwai ba ya taɓawa. Bara sun shiga gonar wakensa sun yi ɓarna, ya tsaya a bakin gona da sanda a hannu bai daki ko ɗaya ba, ya ce dukiyar marayu ce. Ɗakinsa har yanzu yana zuba. Kullum da safe kafin ya karya sai ya zuba musu harawa, ya canja musu ruwa, sannan ya zauna a bakin turke ya sha kokonsa.